Kwana Uku a Daboya, Garin Masaƙa

A kakar 2023, bayan ruwa ya ɗauke, dawa ta nuna a gonaki, muka tashi daga zangon Kumasi mu uku zuwa Daboya a ƙasar Gwanja, domin sayo batakari na bikin wani ƙanenmu. Niyyarmu mu isa da hantsi, mu saya, mu kwana a Tamale. Ashe Allah bai nufa haka ba.

Daga Tamale mota ta yi yamma da mu har bakin Farin Volta, muka shiga kwale-kwale muka haye. Ruwa ya fara ja da baya, amma da sauran ƙarfinsa. Daboya ita ce hedkwatar gundumar Gwanja ta Arewa, cikin jihar Savannah da aka ƙirƙiro a 2019, ana kiran sarkinta Wasipewura. A da can da gishiri aka san garin. Mu dai jikokin fataken goro sunan Gwanja ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Tun kafin mutum ya shiga gari sosai zai fara jin ƙarar ƙoshiya ta ko'ina. Ƙarƙashin rumfuna da inuwar itatuwa maza na zaune, manya da yara, kowa da zarensa miƙe a gabansa, an ɗaure ƙarshensa da dutse a kan kunkuru. Ƙafa na taka, hannu na jefa, sawu yana fitowa a hankali, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Sai an haɗa sawaye da yawa kafin maɗinki ya fitar da riga guda.

Dattijon da aka kai mu wurinsa yana jin Hausa. Muka ce masa baƙi mai ratsin fari muke so, kuma yau za mu koma. Ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, zaren naku yana marina tukuna. In kuna sauri akwai na kanti a Tamale." Babbanmu ya ce, "Haba Baba, ko da ƙarin kuɗi?" Ya ce baba ba ya jin maganar kuɗi.

Gaskiya ranmu ya ɓaci. Mun bar shaguna a hannun yara, waya kuma sai ƙara take yi. Amma muka bi shi marinar. Rijiyoyi ne cike da ruwan baba da toka, warin kuwa sai wanda ya saba. Marini ya tsoma zare, ya matse, ya ɗaga. Abin mamaki, da ya fito kore-kore ne, sai da iska ta buge shi muna kallo ya rikiɗa ya zama shuɗi. Haka za a yi ta mayar da shi ana shanyawa har ya yi duhun da ake so. Ba yadda za a yi a gajarta.

Rana ta biyu dattijon ya zaunar da ƙaraminmu a masaƙa. Zare ya tsinke masa sau huɗu, yara suna ta dariya. Zuwa la'asar hannunsa ya fara kamawa, ya yi shiru kamar ba shi ba, shi da ba ya minti biyar bai duba waya ba. Mu kuma muna gefe muna cin sabuwar doya gasasshiya, iskar kaka mai sanyi-sanyi tana tasowa daga kogi. Mun daɗe ba mu ga rana ta faɗi muna zaune wuri guda ba.

Sai dai dattijon yana da damuwarsa. Zare yanzu na masana'anta ne, kuma ya yi tsada. 'Ya'yansa biyu sun tafi kudu neman kuɗin da ke zuwa da wuri. Ya tuna mana cewa irin wannan rigar Kwame Nkrumah ya sa a daren da ya yi shelar 'yancin Ghana a 1957, amma yau mai saye yana taya ta kamar ta gwanjo. Muka ji kunya, domin mu ma da shirin tayawa muka zo.

Rana ta uku sawayen suka kammala, muka biya abin da ya faɗa. Ya naɗe guntun da ƙaraminmu ya saƙa, karkatacce, ya cusa masa a aljihu. Ya rako mu har bakin ruwa, ya ce mu gaida ango.