Da Gangan Na Zaɓi Tsohon Kaya

A nan Yakite, cikin unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, idan ka sayi kayan kwamfuta bai yi aiki ba, to ya zama naka ke nan har abada. Babu inda za ka mayar. Ƙananan abubuwa irin su maus da filas da wayoyin caji ana samun su a kasuwarmu, amma duk abin da ya wuce nan sai an yi saƙo. Ko dai ya biyo jirgi a jakar ɗan kasuwar da ya je Dubai, ko ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala ya hau babbar mota, ya bi ta Garwa-Bulai, ya tsallako Beloko, ya ratsa Buwar, tafiyar kilomita fiye da 1,400 kafin ya iso hannunka. Mutumin da ke zaune a Faransa zai iya sayen kati, ya gwada, ya ƙi, ya mayar a kawo masa wani cikin mako. Ni dama ɗaya nake da ita a kan kowane kaya, shi ya sa na shafe wata biyu ina karatu kafin in fitar da ko dala.

Sana'ata haɗa bidiyon biki da suna da walimar sauka. Wani zai ɗauka ƙaramin abu ne, amma a unguwarmu ba haka ba ne. Tun rikicin 2013 da 2014 da wuya ka sami gidan da ba shi da wani a Chadi ko Kamaru, wasu kuma har yau ba su dawo ba. Kakar da ke Njamena ba za ta ga auren jikarta ba sai a wayar hannu, a bidiyon da na haɗa aka tura mata ta WhatsApp. Idan na ɓata aikin, ba a sake ɗaura auren don ni. Da manhajar Final Cut Pro na koyi aikin, a kan wata tsohuwar MacBook, duk ajiyar aikina ta shekaru a cikin tsarinta take, ita kuwa Final Cut ba ta aiki a kan Windows. Da MacBook ɗin ta tsufa ta mutu, kuɗin sabuwa ya fi ƙarfina. Abin da ya rage shi ne in haɗa kwamfuta da hannuna, in ɗora mata macOS, babbar manhajar Apple, duk da cewa ba don irinta aka yi manhajar ba. Masu wannan harka suna kiran irin wannan kwamfuta Hackintosh.

Bari in yi wa mai karatu bayanin yadda abin ya yiwu, domin a nan duk zaɓin kayan ya rataya. Daga 2006 Apple ya koma amfani da furosesar Intel, irin wadda ke cikin kwamfutocin kowa. Daga nan cikin Mac ya zama kusan ɗaya da cikin sauran kwamfutoci. Sai masu sani suka rubuta ƙananan manhajojin da ke tashi kafin macOS, su gabatar mata da kwamfutarka a matsayin Mac. Da Clover ake yayi, yanzu OpenCore ce. To amma akwai iyaka. Kowane kaya a cikin kwamfuta yana buƙatar direba, wato 'yar manhajar da ke zama tafinta tsakaninsa da babbar manhaja. Windows tana da tafintan kusan kowa, domin kowane kamfani yana rubuta mata nasa. Ita macOS ba ta jin yaren kowa sai na kayan da Apple ya taɓa sa wa a cikin nasa kwamfutocin, da 'yan kaɗan da 'yan sa-kai suka rubuta wa direba. OpenCore za ta iya shigar da kai gidan, amma ba za ta koya wa masu gidan yaren da ba su taɓa ji ba.

Saboda haka tambayata ba ta kasance wane kaya ne ya fi ƙarfi ba. Tambayar ita ce, wane kaya ne Apple ya taɓa sayarwa?

Kawuna ne zai yi mini sayayyar a Dubai, shi kuwa ɗan kasuwar atamfa da shadda ne, babu ruwansa da kwamfuta. Da na ba shi takardar ya duba, sai ya ce, "Ɗan nan, kai da za ka kashe kuɗi, me ya sa ba za ka sayi sabon yayi ba? Ni idan na je sari ba na ɗauko zanen bara." Na ce, "Kawu, wannan karon zanen bara ake nema, kuma ko an ce za a ba ka na bana a kan kuɗi ɗaya, don Allah kada ka karɓa." Ya yi dariya ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Abin da na fi tsoro ke nan, kirkin mai shago. Zai ga dattijo, ya ce bari ya kyautata masa da sabon samfuri, ya hallaka ni da alheri.

Furosesar da na rubuta ita ce Core i5-8500, 'yar zuriya ta 8, wadda ta fito a 2018. Irinta ce a cikin iMac mai inci 27 ta 2019, 'yar uwarta kuma tana cikin Mac mini ta 2018. A cikinta akwai ɗan sashen hoto mai suna UHD 630, wanda macOS ta sani sarai. Daga zuriya ta 11 zuwa sama Intel ya canja wannan sashe, Apple kuwa a lokacin ya riga ya kama hanyar barin Intel, bai rubuta masa direba ba. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wani gargaɗi: kada lambar ta ƙare da harafin F. Masu F sun fi araha saboda ba su da sashen hoton, alhali shi ne ke ɗaukar nauyin matse bidiyo idan na zo fitar da aiki. Furosesar Ryzen ta kamfanin AMD ma ana iya lallaɓa ta ta yi, har tana ba da ƙarfi mai kyau a kan kuɗinta, sai dai tana buƙatar faci a can cikin zuciyar manhajar, kuma wasu manhajojin aiki suna yi mata gardama. Mai neman abinci da kwamfuta ba ya son faci da yawa.

Inda na fi daɗewa shi ne katin hoto. Ƙanena, wanda ke riƙe mini kyamara ta biyu, ya dage. "Yaya, kowa fa Nvidia yake saye." Gaskiyarsa, ga mai Windows da mai wasan gem. Amma tun daga macOS Mojave ta 2018 sababbin katunan Nvidia ba su da direba a wannan gida. Ka sa kati mafi tsada a duniya, abin da za ka samu hoto ne mai jan ƙafa, ko baƙin sikirin. Katunan AMD na dangin RX 560 da RX 570 da RX 580 kuwa ana sa su suke kamawa, domin 'yan uwansu ne Apple ya zuba a cikin iMac da Mac Pro.

Ko a nan ɗin ma akwai rami. Sunan da ke jikin kwali ba shi macOS take dubawa ba, lambar shaidar da ke cikin katin take karantawa. RX 580 na asali lambarsa 67DF. Akwai wani da aka yi don kasuwar Sin, shi ma RX 580 aka rubuta masa, sai a ƙara 2048SP da ƙananan baƙaƙe, wani lokacin ma ba a ƙarawa. Lambarsa 6FDF. Dubi lambobin biyu da kyau: bakwai ce ta koma F, shi ke nan. Windows ba ta damu ba, macOS kuwa ba ta san shi ba sai an yi masa dabara. Haka RX 550 yake iri biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, ɗaya yana yi, ɗaya ba ya yi. Ƙari a kan haka, dubban katunan RX 570 da 580 da ke yawo a kasuwar gwanjo sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana, an canja musu saitin ciki, an wanke su an sa a sabon kwali. Duk wanda zai sayi ɗaya daga nesa, ya sa mai shago ya jona katin, ya buɗe 'yar manhajar GPU-Z, ya turo hoton sikirin. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Duk da haka ban sayi RX 580 ɗin ba, kuma dalilin ba na Apple ba ne, na Bangui ne. Yawancin wutar garin nan daga madatsar Boali take zuwa, kuma rabo ake yi, unguwa-unguwa. Rabin aikina a kan batir da inbata da farantan sola biyu nake yin sa. RX 580 shi kaɗai yana iya jan wat 185, kusan ninki uku na furosesar da ke tsayawa a 65. RX 560 bai kai rabin haka ba, wasu ma ba sa buƙatar wayar wuta ta daban. Bidiyo zai ɗan ƙara minti kafin ya fita, na yarda. Amma kwamfutar da ta ƙare aiki a hankali ta fi wadda ta shanye batir ta mutu saura kaɗan. Waɗanda suka rubuta jagororin haɗa Hackintosh, Allah ya saka musu, ba su taɓa lissafa wannan ba, domin wutarsu ba ta ɗaukewa. Ga kuma zafin watan Maris da jar ƙurar rani, waɗanda ba sa raga wa kati mai zafin jiki.

Uwar allo, wato babban farantin da komai ke hawa kansa, ban wahala da ita ba. Abu uku na duba: ramin furosesar ya dace, sashen sauti na Realtek ne, sashen wayar intanet kuma na Intel ko Realtek, saboda duka suna da direbobin 'yan sa-kai da aka daɗe ana gwadawa. Ram kowane iri yana yi. Na ɗan yi sha'awar tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake kawowa gwanjo, don da yawansu da wannan furosesar suke zuwa, amma akwatinsu siriri ne, wutarsu kaɗan ce, kati ba ya samun wurin zama.

Ƙananan abubuwa biyu ne suke kayar da mutane. Na farko ma'ajiya. Akwai samfuran SSD irin su Samsung PM981 da Micron 2200S, waɗanda ake cirowa daga laftof a sayar da araha, lafiyarsu ƙalau a Windows, amma suna sa macOS ta daskare ana tsakiyar aiki. Ga mai ajiyar bikin mutane wannan ba abin wasa ba ne, don haka na rubuta WD, na kuma ƙara wani faifan daban na kwafi. Na biyu sikirin. Yawancin waɗanda ke kasuwarmu masu shuɗiyar wayar VGA ne, macOS kuwa ta daɗe da juya wa VGA baya. Sai mai HDMI ko DisplayPort. Wannan kam a nan na same shi, wajen wani mai gyara a bakin titin Koudoukou.

Wayifai na bar shi gaba ɗaya. Shekaru da yawa katin Broadcom ne abin yabo, ana sa shi yake kamawa kamar na Mac. Da macOS Sonoma ta fito a 2023 sai aka cire direbansa, mutane suka wayi gari babu intanet. Ni waya na ja daga rauta zuwa bayan kwamfuta. Na tsaya a kan Ventura, na kashe sabuntawar kai-tsaye. Ita kanta manhajar ta kai wajen gigabait 12, sai da na raba dare da ita ana saukewa lokacin da layi ya yi sauƙi, kuma tana nan a filas biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Yarjejeniyar amfani da macOS ta ce a kan kwamfutar Apple kaɗai za a ɗora ta. Wani kamfani a Amurka mai suna Psystar ya taɓa haɗa irin waɗannan kwamfutoci yana sayarwa, Apple ya kai shi kotu a 2008, ya kuma yi nasara a kansa a 2009. Final Cut ɗina da kuɗi aka saye ta tun zamanin MacBook, amma hakan bai goge wancan sharaɗin ba, kuma ba na yi wa kaina ƙaryar cewa ya goge. Iyakar da na sa wa kaina ita ce ba na haɗa wa kowa don kuɗi. Samari biyu sun zo da kuɗinsu a hannu, na ba su haƙuri. Bayan batun sharaɗin, wanda bai karanta yadda aka haɗa ta ba, ranar da ta ƙi tashi ba shi da abin yi sai zuwa ƙofar gidana.

Kuma ita harkar kanta kwanakinta ƙidayayyu ne. A 2020 Apple ya fara sa furosesarsa ta kansa, M1, a cikin Mac. A watan Yunin 2025 ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan Intel. Bayan ita babu sauran abin da OpenCore za ta gabatar, domin manhajar za ta daina jin yaren Intel ɗungurungum. Na san da wannan tafiyar tun kafin in ba Kawu takarda, shi ya sa kowane kaya da na rubuta na tabbatar yana aiki a Windows ma ba tare da wata dabara ba. A cikin akwatin akwai SSD na biyu mai ɗauke da Windows da DaVinci Resolve, manhajar haɗa bidiyo da ake samun ta kyauta. Duk ranar da babu biki, bayan la'asar, ƙanena yana zama a kanta yana koyo, ni kuma ina fitar da tsofaffin ayyukan Final Cut ɗaya bayan ɗaya zuwa bidiyon da kowace kwamfuta za ta iya buɗewa. Na fara da na 2016, shekarar da mutane suka fara dawowa ana ɗaura aure a unguwa, yanzu ina tsakiyar 2019.