Milimita ɗaya tsakanin Sin da Bunkure

Ranar wata Asabar cikin Nuwamba na yi sammako zuwa tashar Unguwa Uku, da ɗan kwali a jakata wanda nauyinsa bai kai na mudun gero ba. Mako 5 na yi ina jiran sa. A ciki akwai fuli na alminiyam mai gurbin bel biyu, wanda na zana da kaina a kwamfuta, na aika wa wani kamfanin sassaƙar ƙarfe a ƙasar Sin ta intanet, suka ƙera suka aiko. Kuɗin kawo shi ya fi kuɗin ƙarfen.

Tun damina nake harhaɗa ɗan injin bugun shinkafa a zauren gidanmu, don Kawuna da ke noma a Bunkure ya huta da bugu a jikin duro. Gangar da ƙafafun mai walda ya yi, boris na samo a Ƙofar Ruwa. Fulin ne ya gagara. Ƙaramin injin fetur irin na Kawu yana juyawa har sau 3,600 a minti, gangar bugu kuwa ba ta son wannan gudu, sai ta farfasa ƙwaya. Girman da lissafina ya ba ni ban same shi a kasuwa ba.

Daga tashar muka bi titin Zariya, muka haye gadar Tamburawa, na sauka a Karfi na hau mai babur. Daga nan ƙasa ta sauya. Duk inda ka duba fadamu ne shimfiɗe, wasu an yanke shinkafa an tara dami, wasu ana gyara su don alkama da tumatir. Ruwa na tafiya a magudanan siminti shiru, babu ƙarar inji, domin gangara ce ke kawo shi tun daga madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974. Ruwan kan ratsa Ruwan Kanya ya shiga babbar magudana, sannan ya rarrabu zuwa Bunkure da Kura da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Wannan ruwa ne ya sa manomin nan ba ya sanin hutun rani, kuma shi ya sa kowane gida ke da inji ɗaya ko biyu da ake lallaɓawa.

Na tarar da Kawu a masussuka, ya riga ya sa yara sun fito da injin da na aiko tun makon jiya. Bayan gaisuwa ya karɓi fulin, ya juya shi a hannu, yana ta sheƙi kamar sabon kwano.

"Ɗana, wannan daga Sin ya taso saboda ni?"

"Saboda kai, Kawu."

Muka zo sa shi a bakin shaf ɗin injin fetur, ya ƙi shiga. Na shafa giris, na juya, ya tsaya cak. Wani yaro ya ɗauko guduma, Kawu ya daka masa tsawa. A nan na gane abin da ya faru. Irin waɗannan injina iri biyu ne: akwai mai shaf inci uku bisa huɗu, wato milimita 19 da ɗigo, akwai mai milimita 20. Ni na auna na wani maƙwabcina a Kano, na ɗauka duk ɗaya ne. Kamfanin ya ƙera abin da na rubuta daidai, ko gashi bai kauce ba. Injin da kwamfuta ke sarrafawa ba ya tambaya, lambar da ka ba shi ita zai yanka.

Mayar da shi Sin na nufin wasu makonni, shinkafa kuwa tana ƙasa, ga tsuntsu ga ɓera, ga lokacin shukar alkama na ƙurewa. Kawu bai ce komai ba, sai ya kwance injin fetur ɗin daga mazauninsa, muka ɗaure shi a bayan babur, muka nufi Kura.

Kura gari ne da a da aka san shi da rinin turkuɗi wanda Buzaye ke saye, yau kuwa ƙamshin turaren shinkafa da rurin injinan casa ne ke tarbar baƙo. A bayan wani layin masu casa muka shiga wata rumfar kwano. Wani dattijo ne a ciki, da tsohon injin sassaƙa mai launin kore da mai ya baƙanta, ƙasa duk ɓarɓashin ƙarfe a murɗe kamar taliya. Bai karɓi takardar zanena ba. Ya zaro ma'auninsa daga aljihu, ya cafki shaf ɗin da shi, ya auna a wuri uku, sannan ya auna ramin fulin.

"Malam, aikin nan mai kyau ne. Amma ƙarfe da ƙarfe ake aunawa, ba da zato ba."

Yaronsa ya tayar da janareta. Dattijon ya ɗaure fulin a bakin injin, ya juya shi a hankali yana ƙwanƙwasa gefe har rawar ta ɗauke, sannan ya zura wuƙar. Sau uku yana ci kaɗan ya tsaya ya auna. A na huɗu ya goge da tsumma, ya gyara gurbin makulli da magagari, ya tura fulin da tafin hannu. Ya shige lif, babu girgiza. Kafin la'asar mun koma Bunkure, kafin magariba ganga na juyawa, shinkafa na zuba a tamfal, yara na ihu.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin mutanen nan biyu da ba za su taɓa haɗuwa ba, na Sin da na Kura, waɗanda suka yi aiki a kan ƙarfe guda. Oda ta intanet tana da amfani ga abin da babu shi a gida kuma ba na gaggawa ba. Amma a yankin da amfanin gona ba ya jira, mai sassaƙa na kusa shi ne gatan manomi. Abin da ya rasa shi ne wuta tsayayya da wuƙaƙe masu kyau, da matasan da za su gaje shi su kuma iya zane a kwamfuta.

Ga duk mai sha'awar irin wannan aiki, shawarata biyu ce. Ka auna ainihin injin da za a sa wa kayan, da hannunka, kafin ka tura ko sisi. Kuma kafin ka nemi na nesa, ka fara leƙa rumfar maƙerin garinku.