Yawon Shan Iska Da Iyali

Fita yawo da iyali ba irin tafiyar gwauro ba ce. Wani magidanci a Minna ya yi wa 'ya'yansa alkawarin fita bayan Salla, sai gardama ta kaure a kan inda za a nufa. Babban ɗan ya nace sai Gurara, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 30. Uwargida ta ce damina ce, kogi ya cika, duwatsu kuwa santsi gare su. Aka ambaci Baro, tashar jiragen ruwa ta bakin Kwara, inda aka faro hanyar dogo zuwa Kano a 1907. Amma akwai nisa, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga goyo.

Maigida ya nisa, sa'an nan ya ce da ƙarfin mafi rauni ake auna tafiya. Suka tafi tashar jirgin ƙasa ta Minna, kaka ta nuna wa jikokinta inda ta sauka tana amarya. Babban ɗan ya kwana biyu yana fushi. Gurara kuwa aka bar ta sai rani, sa'ad da ruwa ya janye.