Na Bi Sawun Waƙar Gewaye

Tun ina aji ɗaya na kamu da son Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u 'yar Shehu. Da Fulatanci ta tsara ta, daga baya ƙanenta Isa ya juya ta zuwa Hausa. A ciki ta bi rayuwar mahaifinta zango-zango, tun daga Degel har Sakkwato. Na haddace sunayen wuraren don cin jarrabawa, amma ban taɓa taka ko ɗaya ba.

Da aka ba da hutu sai na roƙi kawuna ya kai ni. Yana da wata tsohuwar bas da yake fataucin albasa da ita. Ya cire kujerun baya, muka shimfiɗa katifa, muka sa risho da tukunya da jarkar ruwa. Motar nan ita ce ɗakin kwananmu, ita ce madafinmu.

Muka fara da Degel, arewa da Sakkwato, inda aka haifi Nana a 1793. Na zaci birni zan tarar, sai ga ɗan ƙauye da gonaki. Daga nan ne Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, Nana ba ta wuce shekara 11 ba.

Na ce, "Kawu, sai Gudu, sannan Alƙalawa, birnin Gobir da aka ci a 1808."

Ya ce, "Ɗana, ba ka ji mutanen gari ba? 'Yan bindiga sun hana bin hanyar. Ba zan mayar wa uwarka da gawa ba."

Dole muka juyo. Muka kwana a Sifawa, inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, muka ƙare a Hubbare, inda aka binne shi a 1817.

A bakin Hubbaren na ga wata mata da 'yarta, ƙullin kaya a ka. Ta ce mahara ne suka tashe su daga ƙauyensu. Yarinyar sa'ar Nana ce ranar barin Degel. Ni da na yi ta rubuta kalmar hijira a takardar jarrabawa, sai ran nan na san nauyinta.

'Yan'uwa ɗalibai, rabin gewayena yana nan bashi a kaina. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya mu je mu cike shi tare, amin.