Shayin Kawu a Gugaram: hayaƙi ma yana da ɗanɗano

Yau a kan shayi zan yi magana. Na san wasu za su ce a bar zancen aiki da tsadar rayuwa a koma ga shayi? Ku dai yi haƙuri ku bi ni.

A Akokan na tashi. Tun da aka rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, yawancinmu fada ta zama mana ofis. Safe shayi, rana shayi, dare shayi. A kan gas muke dafawa, minti goma an gama, kowa ya kurɓe ya miƙa kofi idonsa na kan waya. Wallahi da za a tambaye ni ɗanɗanon shayin jiya, ba abin da zan iya cewa.

Sai rasuwa ta kai ni Gugaram, wajen dangin mahaifiyata. Bayan la'asar kawuna ya shimfiɗa tabarma, ya tono garwashin itacen kandili, wanda Abzinawa ke kira afagag, ya ɗora wata ƙaramar buta da ta yi baƙi ƙirin. Ruwan daga salka ya tsiyaya. Kusan minti arba'in yana juyawa daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, har kumfa ta tsaya. Da ya miƙo mini na farko, na ɗaga kai na shanye lokaci guda.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kora ka ake yi?"

Na ce, "A'a, Kawu."

Ya ce, "To wannan ka zubar da shi. Jira na biyu."

Da na biyu ya zo, ya ce kar in kai baki sai na shaƙa. Na shaƙa. Abin da ya fara zuwa hayaƙi ne, mai laushi, irin wanda ke kama rawani idan mutum ya kwana kusa da wuta. Na kurɓa kaɗan na riƙe a baki. Ɗacin ganye ya fara kama gefen harshe, zaƙin sukari ya biyo, can ƙarshe kuma wani ɗanɗano ya tsaya a maƙogwaro, na fatar salka da ɗan gishiri-gishirin ruwan rijiya. Na uku ya zo da sauƙi, ganye ya gaji, sai zaƙi da ƙamshi.

Ganyen nan fa shi ne wanda muke saye a kasuwar Arlit, koren shayi ɗan Sin, ba wani na musamman ba. Abu uku suka canza shi: itace, ruwa da buta. Kawu ya ce tumfafiya ba ta yin garwashin kirki, hayaƙinta ɓata shayi yake. Butar kuwa sabulu bai taɓa shiga cikinta ba, ɗauraya kawai ake yi, don haka shayin shekaru ya zauna a jikinta, kowane sabon dahuwa yana ɗiban rabonsa.

Nan na tuna labarin da mahaifina yake ba mu lokacin da yake kuku a gidajen Turawa. Ya ce akwai wani Bafaranshe da kan zauna da giyar wiski ta Sikotilan, ya daɗe yana shinshinawa kafin ya kai baki. Ashe can suna busar da sha'ir ne da hayaƙin wata baƙar ƙasa ta fadama, sannan su ajiye abin shekaru a gangunan katako, wani lokaci waɗanda giyar inabi ta taɓa zama a ciki, don ya ɗauki ƙamshinsu. Mu addini ya raba mu da wannan, kuma da muna yara dariya muke wa Baturen. Ga shi hayaƙi da tsohon mazubi muna da su a gida, na halal, amma mun daina kula.

Sai dai akwai abin da ya hana ni barci a daren. Kawu ya nuna mini kututture a bakin ƙorama, ya ce da nan inuwa ce. Masu gawayi suna sare ɗanyen itace su kai Arlit, ga kuma buƙatar wuraren haƙar zinariya tun da aka buɗe Cibarkaten a 2014. Kandili ɗaya kan ɗauki shekaru kafin raƙumi ya samu abin ci a kansa. Ke nan gas ɗin da nake raina wa, wanda ya yawaita bayan buɗe matatar Zinder a 2011, shi ke ceton itatuwan da suka rage. Shi Kawu busasshen reshe kawai yake tsinta, garwashin da bai cika tafin hannu ba ya ishe shi kofi uku.

Da na dawo ban jefar da gas ba, kuma ba zan ce kowa ya koma sayen buhun gawayi ba. Abin da na canza shi ne gaggawa. Ranar Juma'a nakan haɗa ƴar wuta da busassun ƙirare, in ajiye waya, in jira kumfa. Abokan fada sun ce na tsufa, amma yanzu su ke fara zuwa.

Ku fa, wane itace ne iyayenku suka fi so wajen shayi? Allah ya bar mana itatuwanmu, ya jiƙan magabata.