Rabona da kwana a dandali

Shekaranjiya da dare autanmu da ke karatu a Birmingham ta ƙasar Ingila ya turo wani bidiyo a zauren gidanmu na WhatsApp. Abokan karatunsa ne suka ja shi kallon irin kiɗan nan da Turawa ke kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. Wuri ya cika maƙil, fitilu sai walƙiya suke, wani gabjeje mai gashi har gadon baya yana kururuwa kamar ana yanka shi, jama'a na kaɗa kai suna bangazar juna. Da na nuna wa Inna, kallo ɗaya ta yi ta ture wayar ta ce, "Wa'iyazu billahi! Waɗanga iskoki sunka hau su. Ka ce ma yaron ga ya hita cikinsu tun da wuri."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma daren nan barci ya ƙi zuwa.

Da safe na kira shi. Ya ce, "Yaya, wallahi ba da kunne ake jin kiɗan nan ba, a ƙirji yake dukan mutum. Kuma duk turereniyar da ka gani, da wani ya faɗi za ka ga hannuwa sun ɗaga shi." Ya ce a garin aka haifi kiɗan. 'Ya'yan leburorin masana'antu ne suka kafa ƙungiyar Black Sabbath a 1968, kuma mai kaɗa masu jita, Tony Iommi, injin yankan ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, bai fasa kiɗa ba. A watan Yulin 2025 suka yi wasan bankwana a filin ƙwallon Villa Park, mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya yi waƙa a zaune saboda ciwo, bayan kwana 17 ya mutu.

Na ce masa, "Auta, ai ni na riga ka zuwa irin wannan wasan, kuma ban hau jirgi ba."

Kakar 1997 ce, ina ɗan shekara 14, jihar Zamfara ita kanta shekararta ɗaya da samuwa. An gama yankan gero da dawa, rumbuna sun cika. Kawuna ɗan tauri ne, shi ya goya ni a keke zuwa gangi a wani ƙauye tsakanin Gummi da Bukkuyum, ba da sanin Baba ba. Tun daga nesa muke jiyo ganguna. Muna isa na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutane daga ƙasar Anka, daga Nasarawar Burkullu, har da na wajen Kabi, kowa ya zo da ƙafarsa ko kekensa. Ga farin wata, ga aci-balbal ɗin masu tsire da masu shayi, 'yan mata na tallan gyaɗa da rake, ƙura ta tashi har tana shiga baki.

Wanda bai taɓa tsayawa kusa da makaɗan tauri ba, ba zai gane zancen auta ba. Ni na gane. Idan aka saki ganguna da kalangai lokaci guda, haƙarƙarinka ne ke amsawa. Kowane ɗan tauri da takensa. Kawu yana tsaye muna hira lafiya lau, sai makaɗi ya juya kiɗa ya ɗauko nasa taken. Na ga jikinsa ya fara tsuma tun daga ƙafa, idonsa ya kaɗa, ya yi wata kururuwa da ban san tana cikinsa ba, ya faɗa fage yana kirari. Ya zare wuƙa yana gurza ta a ciki da wuya, ya lanƙwasa ta ya yar. Mutumin da na sani da sanyin murya, wanda ko akuya ba ya yi wa tsawa! Na tsorata har na riƙe rigar wani dattijo da ban sani ba. Shi kuwa ya dafa kaina ya ce, "Kwantar da hankalinka ɗana, wasa na. Gobe da sahe gona za shi."

Haka kuwa aka yi. Sai da asuba ta kusa muka kamo hanya, mu biyu a keke cikin daji, ba fitila, ba fargabar komai sai ta bulalar Baba. Na kuwa sha ta.

Kada wani ya ce ina tallan tauri. Na san abin da malamanmu suka faɗa kan asiri da layu da dogaro ga wanin Allah, kuma da na yi karatu na yarda da su. Na san gangi kan ƙare da faɗa wani lokaci. Da aka fara aiki da shari'a a Zamfara a watan Janairun 2000, irin waɗannan tarukan suka ja baya, mutane da yawa kuma suka yi murna. Kawu da kansa ya ajiye wuƙaƙensa ya kama zuwa karatun dare. Sai dai a lura, wannan bari ne na ganin dama. An yi wa'azi, mutum ya auna, ya bari. Dandali bai mutu ba. Ana hira, ana wa'azi, ana biki, yara na wasan langa har dare ya raba. Mai rediyo ya kunna Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru, wani ya saka kaset ɗin Kassu Zurmi, tsofaffin 'yan tauri su yi murmushi su girgiza kai.

Abin da ya same mu daga baya, ba wanda ya tambaye mu.

Da auta ya fassara mini sunan kiɗan, sai da gabana ya faɗi, don mu ma mun san ƙarfe mai nauyi, amma ba a waƙa ba. A 2010 muka san shi, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma. Ba mu gama share hawaye ba sai ga ɗaya dalmar, wadda ake ɗurawa a bindiga. An hana haƙar ma'adinai a 2019. An rufe kasuwannin mako da layukan waya a 2021. A farkon Janairun 2022 aka yi wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kisan da har yau ba a daina zancensa ba. Ƙauyuka sun watse, mutanen da ke ciyar da birni sun koma zaman gudun hijira a cikin garin Anka da Gummi.

Da sallar da ta wuce na je gaida Kawu. Ya baro ƙauye, yana raɓe a ɗaki guda a gidan wani ɗan'uwa. Shanun hudarsa biyu sun tafi wajen fanso ɗansa. Cikin raha na ce, "Kawu, ina taurin?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, tauri na wuƙa na. Mu gaba da gaba muka yi, kowa na kallo, kuma da sahe mu gaisa. Wanga abu da ka zuwa bisa babur cikin dare, ba mu san maganinai ba." Ya ce makaɗinsa na nan da rai, amma gangar tana rataye, fatar ta bushe. Wa zai buga ganga da dare yanzu, ya sanar da daji cewa ga mutane sun taru?

Shi ya sa bidiyon auta ya hana ni barci. Kiɗan bai burge ni ba, gaskiya ko minti biyu ban iya saurare ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dubban mutane sun taru da dare, sun yi ihu iya son ransu, an tashi kowa ya koma gida, ba uwar da ta kwana tana jiran kiran neman kuɗin fansa. Mu ma mun taɓa samun wannan, kyauta, ba tikiti. 'Ya'yana uku ba wanda ya taɓa ganin farin wata a ƙauyenmu.

Ba ganguna nake roƙo a dawo mana da su ba. A dawo mana da daren. In ya dawo, mu da malamanmu ma yi shawarar abin da za mu yi da shi, ko karatu, ko hira, ko biki.

'Yan'uwa na Anka, Gummi da Bukkuyum, don Allah ku gaya mini: yaushe rabonku da kaiwa sha biyun dare a dandalin garinku, hankali kwance? Ni dai nawa ya fi shekara goma.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.