Tsinken ashana 12 da shingen lambu

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a ƙasar Matamaye. Wasu dattawa suna cewa wasan ashana da muke yi a aji aikin yara ne. Ni kuwa na ce lissafin gona ne. Ai mun san dara: gurbi 30, kowa da ƴaƴa 12, mai jera uku shi ke ci. Ba mai ce wa gwanin dara yaro.

Ku ɗauko tsinken ashana 12, ku ɗauka shinge ne. Fili mai tsinke ɗaya a kowane gefe, mu kira shi fangali ɗaya.

Ku kewaye fili mai tsawon tsinke 5 da faɗin tsinke 1. Tsinke 12 sun ƙare, fangali 5 ke ciki. Ku rushe, ku yi tsawo 4, faɗi 2. Fangali 8 ke nan. Ku sake, kowane gefe tsinke 3. Yanzu fangali 9 ne. Shinge bai ƙaru ba, amma fili ya kusa ninkawa.

Saboda haka mai lambun rake ko na albasa a fadamun Korama, in zai yi shinge, ya sa tsawo da faɗi su zo kusa da juna. Mai karɓar jinginar gona kuma kada doguwar iyaka ta ruɗe shi. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya buga wannan sau wancan kafin ya ba da kuɗinsa.

Ga na biyu. Maƙwabta 4, kowa da fangalinsa. In kowa ya ware, sai sun ci tsinke 16. In sun haɗa iyaka, biyu gaba biyu baya, 12 sun isa. Ƙayar da ba a sara ba tana nan bisa gawo. Gawon nan shi ke ba gona taki, shi ke ciyar da bisashe da rani. Manomi ya huta, makiyayi ya samu.

To ga aikin wannan wata. Cikin fangali 4 ɗin nan na maƙwabta, ku cire tsinke 2, fili 2 kawai su rage, kowane tsawonsa daidai da faɗinsa. Ba dole girmansu ya zama ɗaya ba. Wanda ya gane, ya nuna wa maƙwabcinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.